Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai garuruwa a ƙarƙashin tafkin Kainji. A shekarar 1968, da aka kammala gina madatsar ruwa a kan kogin Kwara, ruwa ya taso a hankali ya haɗiye tsibirai da gonaki da kasuwanni da maƙabartu, tun daga tsohuwar Busa har zuwa ƙasar Yauri. Sama da mutum 40,000 aka tayar daga mahaifarsu, aka zuba su a sababbin ƙauyuka waɗanda wasu ne suka zana musu a takarda. Yaron da yake ɗan shekara goma ranar da aka loda tukwanen uwarsa a jirgi, yau ya doshi saba'in. Shi da tsararrakinsa ne kaɗai suka rage da za su iya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa su ce nan ne ƙofar gidanmu, kuma kullum raguwa suke yi.

A cikin shekarun da waɗannan dattawa suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, masana'antar finafinan Hausa ta fitar da dubban finafinai. Mai karatu ya zauna ya lissafa waɗanda ya sani da suka ɗauki mutanen bakin ruwan nan a matsayin masu labari, ya ga ko zai cika yatsun hannu guda. Sa'an nan ya lissafa waɗanda ya gani na saurayi ɗan mai kuɗi da budurwa 'yar talaka da wata ta uku da ta shiga tsakani, ana zagaya bishiya ana rawa da waƙa. A nan yatsun hannu da na ƙafa ba za su ishe shi ba. Wannan giɓi shi ne ƙarar da na kawo. Hujjata ita ce, abin da kwaikwayo da maimaici suke ci mana ya wuce ɗanɗanon kallo: suna cinye mana lokacin da ya rage na ɗaukar labaranmu daga bakin masu su.

Kafin a yi mini gurguwar fahimta, ba na cikin masu cewa duk aro sata ne. Wanda ya faɗi haka bai san tushen adabinmu na zamani ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 daga Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi, ba ta hana kowa leƙa rumbun maƙwabci ba. Abubakar Imam ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya ya gina Magana Jari Ce, amma da ya gama, akun nan tasa ta zama Bahaushiya, fadar ta zama fadar da kowane Bakatsine zai gane, wawayen da ke ciki kuma irin waɗanda ake haɗuwa da su ne a kasuwar ƙauye. Imam ya aro iri, ya shuka shi a gonarsa, ya yi masa noma da firi har ya nuna. Haka Adamu Halilu ya yi da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976, ya mayar da Shaihu Umar fim, ya nuna wa masu kallo bauta da fataucin hamada da begen uwa ga ɗanta. Haka aka yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. A wajenmu ma haka abin yake. Akira Kurosawa na Japan ya ɗauki wasan Macbeth na Shakespeare ya mayar da shi labarin mayaƙan ƙasarsa a 1957, babu wanda ya kira shi ɓarawo. Med Hondo ya ɗauki littafin Abdoulaye Mamani na Nijar a kan sarauniyar da ta tari rundunar Faransa a Lugu, ya yi fim ɗin Sarraounia, wanda ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987.

To me ya raba waɗannan da abin da 'yan fim da kansu suke kira wankiya? Mai juya labari yana da abin da yake son faɗa game da mutanensa, sai ya aro akushin zuba shi. Mai wankiya akushin da tuwon duka yake ɗaukowa, ya canza wa masu ci suna kawai. Ya zauna gaban fim ɗin Indiya da biro da takarda, ya bi shi fitowa bayan fitowa, inda aka yi kuka ya rubuta kuka, inda aka yi rawa ya rubuta rawa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan al'ada, yana jera finafinan Hausa kusa da na Indiyan da aka samo su, kamar yadda Khusufi ya fito daga Taal. Ma'aunin da nake ba mai kallo mai sauƙi ne. Idan za a iya cire sunayen Hausa daga fim a mayar da na asali ba tare da komai ya karye ba, to ba a yi aikin komai ba. Idan kuwa labarin ba zai iya faruwa a ko'ina ba sai a nan, saboda ƙasar da sana'ar da al'adar sun shiga cikin ƙashinsa, to ya zama namu ko da daga Sin aka samo irinsa.

Na san tarihin da ake kafa hujja da shi, kuma gaskiya ne. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka riƙa kawo finafinan Indiya Kano da sauran biranen Arewa. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana dalilin da ya sa suka shiga ran Bahaushe: ya ga kunya irin tasa, da girmama iyaye, da rikicin auren dole, da sutura mai kama da tasa, abubuwan da finafinan Amurka ba su nuna masa ba. Saboda haka lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, da lokacin da Sangaya ya girgiza kasuwa wajen ƙarshen shekarun nan da waƙoƙinsa, matasan da suka riƙe kyamara sun fito ne daga makarantar Indiya, ba su da wata. Babu laifi ga ɗan koyo ya kwaikwayi hannun malaminsa. Laifin shi ne a shekara talatin da ɗoriya ana kan allon farko. Yaro ne ake yaba wa rarrafe. Masana'antar da aka raɗa wa suna Kannywood tun 1999 ta isa a tambaye ta abin da ta gani da idonta.

Uzurin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na kasuwa. Ana cewa abin da masu kallo suke so ke nan, kuma wanda ya zuba jarinsa ba zai yi caca da sabon abu ba. Ban raina wannan magana ba, domin fim sana'a ce, kuma mai iyali ba ya ciyar da su da yabo. Amma mu duba yadda kasuwar ta yi aiki. A zamanin kaset da faifai, dillalan Ƙofar Wambai ne suke yanke hukuncin abin da zai fita. Su suka gano cewa labarin awa biyu idan aka ja shi aka raba shi kashi na ɗaya da na biyu, ko ma na uku da na huɗu, za a sayar da shi sau biyu ko sau huɗu. Daga nan aka koyi cika fim da doguwar tafiya a mota da doguwar gaisuwa da waƙar da ba ta ƙara wa labari komai, har a kai inda za a ce mu haɗu a kashi na gaba. Da satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, aka koma YouTube da tashoshin talabijin, sai cutar ta canza riga. Yanzu yawan kallo da tsawon lokaci ne suke kawo kuɗi, don haka shiri mai dogon zango ba ya ƙarewa ranar da labarinsa ya ƙare, sai ranar da masu talla suka gaji. A kashe jarumi a dawo da shi, a ɓatar da ƙwaƙwalwar jaruma a dawo mata da ita, a ƙirƙiro wani ɗan'uwa da ba a taɓa ambata ba. Har tsofaffin finafinan da suka yi tashe ana sake ɗinka su, kamar yadda aka sake Mujadala, domin suna ne da aka riga aka sani, ba ya buƙatar talla mai yawa.

Amma kasuwar nan da kanta ta ƙaryata masu fakewa da ita, har sau biyu. Na farko, da aka fara fassara finafinan Indiya kai tsaye zuwa Hausa, irin aikin da Algaita ta yi fice a kai, masu kallo suka yi tururuwa can. Dalilin a bayyane yake. Wanda yake son Indiya ya samu ta gaske, da manyan gidajenta da jiragenta da ɗaruruwan masu rawa, kuma tana magana da harshensa, me zai yi da ta jabu? Mai kwaikwayo ya shiga tseren da ba zai taɓa ci ba, domin yana gasa ne da mai kayan a kan kayansa. Na biyu, shirye-shiryen da suka fi kama zukatan mutane a 'yan shekarun nan su ne waɗanda suka kalli gida. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna almajiri da malamin tsangaya da ɗan ƙwaya da wanda rikici ya koro daga garinsu, mutane suka ga unguwarsu a ciki. Kwana Casa'in ya taɓa siyasa da cin hanci da aikin jarida, aka riƙa muhawara a kansa a majalisu. Ashe mai kallo ba ya ƙin sabon abu. Abin da aka saba ba shi ne ya saba ci, kuma ranar da aka ɗora masa tuwon gida ya gane ƙamshinsa.

Har ma a Amurka, inda manyan kamfanoni suka mayar da ci gaban tsofaffin finafinai da sake su babbar hanyar samun kuɗi, ana wannan kuka. Sai dai halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Su suna maimaita kansu ne bayan sun shafe sama da shekara ɗari suna ɗaukar yaƙoƙinsu da ƙauyukansu da kogunansu da laifukansu a fim. Wanda rumbunsa yake cike, idan ya yi ɗumame ba a ce yunwa ce ta sa shi ba. Mu ɗumamen tuwon wani muke yi, alhali hatsinmu yana gona tsuntsaye suna ci.

Bari in nuna hatsin da nake nufi, daga masarauta ɗaya tak. Yauri tsohuwar daula ce, tana cikin waɗanda littattafan tarihi suke lissafawa a Banza Bakwai, kuma ta rayu ne a kan ruwa da fatauci. Ɗan ƙasar, marigayi Farfesa Mahdi Adamu Ngaski, ya yi bincike a kan mulkinta a ƙarni na 19, sa'an nan ya wallafa littafinsa a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978. Ta nan Mungo Park ya wuce a jirginsa kafin ya halaka a Busa a 1806. Nan Richard Lander da ƙaninsa John suka zo a 1830 suna neman takardunsa, suka shafe makonni a hannun Sarkin Yauri. Duk duniya ta ji wannan labari daga bakin baƙin. Wa ya taɓa ba da shi daga cikin fada, ta idon sarkin da yake auna ko waɗannan fararen mutane 'yan kasuwa ne ko 'yan leƙen asiri, ko ta idon matuƙin jirgin da ya san duwatsun da ke gaba? Wannan ma juya labari ne, amma irin wanda yake mayar wa mai kaya kayansa.

Sai labarin 1968 kansa. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, sunan da Hausawa suka ba su ma daga gungu ya fito, wato tsibiri. A tsibiran Kwara suka zauna, suna noman rani, suka shahara da albasa. Da ruwa ya rufe tsibiran aka kai su tudu, inda ƙasar da ruwan da sana'ar duk suka zama baƙi. Wasu suka koma su, suna koyon abin da Sarkawa suka gada. Yara suka tashi da Hausa a baki, harshen kakanni yana ja da baya. Kambari da Lopawa da Shangawa kowa da nasa rabon na wannan sauyi. Marubucin da yake neman rikici don gina labari, ga shi nan a kwance: tsohon da ya ƙi tashi ya bar kabarin mahaifinsa, ɗansa da ya karɓi aikin ƙidayar gidajen da za a rusa, amaryar da aka ɗaura aurenta a garin da ba zai kai baɗi ba. Ga soyayya, ga sadaukarwa, ga cin amana, duk abin da ake tafiya Mumbai nema. Ga kuma tambayar da har yau ba a amsa ba: wutar lantarkin da aka tashe su dominta, gari nawa ta haska kafin ta waiwayi ƙauyukansu?

Ruwan bai daina ba da labari ba. Itatuwan da ya rufe suna nan tsaye a ƙarƙashinsa, kututtukansu suna jiran cikin jirgi. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ɗauke da mutane sama da 150 ya nitse, kaɗan ne suka tsira. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ba su ga gida ba sai a 2023. Ba ina cewa a ruga da kyamara kan raunin da bai warke ba, domin akwai ciwon da mutunci ya hana a mayar da shi abin kallo, kuma iyalan suna da haƙƙin a sakaya su. Abin da nake cewa shi ne, al'ummar da take ɗauke da irin wannan nauyi ta cancanci masu fasahar da suka san tana ɗauke da shi. Me yake sa mace mai goyo ta shiga jirgin da ta ga ya cika? Wanda ya bi wannan tambaya zai tarar da hanyar mota da ta lalace, da kasuwar da ba ta jira, da kuɗin mota da ya fi ƙarfinta. Fim ɗin da ya amsa ta ya yi wa jama'a aikin da rahoton minti biyu ba zai yi ba.

Kada kuma a ɗauka bakin ruwa kuka ne kawai. Wanda ya ga bikin Rigata na Yauri, jirage suna tsere, makaɗa suna zuga matuƙa, ya san akwai kallon da ba sai an aro ba. Akwai ranar kasuwa a Yelwa, da ƙamshin banda, da cinikin giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa. Akwai barkwancin masunci da manomi, da wasan da ke tsakanin ƙabilun da suka daɗe suna auratayya. Akwai hasken asuba a kan tafki, wanda duk kuɗin da za a kashe a ƙawata falo ba zai saye shi ba. Tun farkon shekarun 1950 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki farautar dorina ta masuntan wannan kogi a ɓangaren Nijar, fim ɗin yana nan ana nazarinsa a jami'o'in duniya. Oumarou Ganda, wanda ya fara a matsayin ɗan wasa a fim ɗin Rouch, ya ɗauki rayuwarsa ta tsohon soja da rikicin gidan mai mata da yawa ya yi finafinai, har ya zama na farko da ya lashe babbar kyautar Wagadugu a 1972. Ba shi da kayan aikin da ƙaramin mai ɗaukar biki yake da su a yau. Ido yake da shi, da yarda cewa abin da ke gabansa ya isa a kalla.

Za a ce fita daga Kano da ma'aikata da kaya zuwa Shanga ko Wara tsada ne, ga fargabar hanya. Haka ne. Amma tsadar da ta fi hana mu ita ce ta zama a yi bincike. Marubucin fim shi ne wanda aka fi rainawa a sana'ar, ana ba shi 'yan kwanaki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce ya kawo labari. Wanda aka ba kwana uku ba zai je Ngaski ya zauna da dattawa ba, faifan Indiya zai kunna. Gyaran yana farawa daga nan: a biya marubuci, a ba shi lokaci, a sa sunansa inda ya dace, idan kuma an juya aikin wani a faɗa a fili a biya mai shi. Labarai ba su yi ƙaranci ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take tara gajerun labaran mata daga kowane lungu. Ɗakunan karatu na jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano cike suke da kundayen bincike a kan garuruwa da sana'o'i da ƙura take ci. Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, wadda aka ba Ali Nuhu shugabancinta a 2024, da gwamnatin jihar Kebbi, da masarautar Yauri wadda sarkinta Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi masani ne da ya taɓa shugabantar jami'a, duk suna da ikon fara abu mafi sauƙi: a tura matasa da kyamara su naɗi bakin waɗanda suka ga tashin 1968 tun suna da rai. Ko ba a yi fim ɗin bana ba, a ajiye irin.

Mu masu kallo ma ba mu kuɓuta ba. Duk lokacin da muka danna kashi na ɗari na labarin da ya mutu tun kashi na ashirin, ƙuri'a muka jefa. Duk lokacin da muka gane wankiya muka yi dariya muka wuce, mun sa hannu. Ɗaliban adabi kuwa nauyinsu ya fi na kowa, domin su ne za su rubuta sharhin da zai bambance juyi da kwafe, su yaba wa wanda ya yi ƙoƙari ko da aikinsa da gyara, su kira malalaci da sunansa ko da ya tara miliyoyin masu kallo.

Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Shekara talatin muna jan wannan zane, mu rufe nan can ya buɗe, mai shi kuma ya zo da kansa yana magana da Hausa ya karɓi abinsa. Abin da ya rage mana shi ne saƙa namu, kuma audugar tana nan. Fim ɗin Indiya zai jira, yana cikin faifai, ko bayan shekara hamsin wanda yake son wanke shi zai same shi yadda ya bar shi. Tsohuwar da ta san waƙar daka ta tsibirin da ruwa ya ci ba za ta jira ba.